Turbon Porsche ɗina ya gaji: in sayi na kamfani ko in sa na waje mai ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Porsche 911 Turbo ƙirar 2003, mai giyar hannu. Daga Amurka na shigo da ita, a Abuja nake hawanta. Kwanan nan ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfinta ma ya ragu. Makanikena ya ce turbo ne ya gaji. Tunda dai za a kwance, ina so in ƙara mata ƙarfi ta kai kamar doki 550 a ma'aunin ƙarfin inji. Wasu sun ce in sayi turbo samfurin K24 na Porsche, irin wanda ke cikin GT2, wato 911 ɗin da ta fi tawa ƙarfi. Wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce, na kamfanonin waje sun fi ƙarfi kuma sun fi araha. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare hanya.

Da motar tawa ce, kuma ta tabbata turbon (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji) ya mutu, K24 na asali zan saya, in haɗa shi da manyan intakula (abin da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji), in tsaya inda Porsche da kanta ta tsaya a kan irin motarka, wato wajen doki 450. Maganar 550 kuwa ka jingine ta tukuna. Turbon da zai kai ka can yana nan birjik a kasuwa, fetur ɗin da zai ɗauki nauyinsa ne babu a gidajen manmu. Zan zo kan wannan, amma akwai abin da ya riga shi.

Kafin ka tura ko dala ɗaya waje, a tabbatar da cutar. Hayaƙi mai shuɗi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, amma ba ya faɗa maka ta ina man ya bi. A wannan motar turbon nan biyu suna can ƙasa, ta bayan tayoyin baya, a inda baƙin mai ba zai iya gangarawa da kansa ya koma inji ba. Shi ya sa Porsche ta sa wa kowannensu ƙaramin tanki a ƙarƙashi, da famfon da ke zuƙe man yana mayarwa. In famfon nan ya yi rauni, ko bututun ya toshe da ƙonannen mai, ko ɗan bawul ɗin da ke hana mai tsiyaya cikin turbo bayan an kashe mota ya daina kamawa, to lafiyayyen turbo ma sai ya yi hayaƙi. Haka nan in an cika baƙin mai ya wuce ƙa'ida, kuma wannan yana yawan faruwa a hannun wanda bai saba da injin ba, don sai ya yi zafi yana aiki ake auna mansa, a kan allon gaban direba. Abin da ake kira sil a cikin turbo ɗan zoben ƙarfe ne irin na fistin, ba roba ba. In mai ya taru a bayansa bai samu hanyar fita ba, ta nan zai ɓulle.

Raguwar ƙarfi kuma, a motar da ta haura shekara ashirin, abu na farko da nake zargi yoyon iska ne. Tiyo ya bushe ya tsage, kilif ya saki, ko robar cikin bawul biyun nan da ke mayar da iska in ka ɗaga ƙafa daga totur ta yage. Gwajin ba shi da tsada: a toshe bakin turbon biyu, a hura iska da kwamfireso har ta kai kusan bar ɗaya a ma'aunin matsi, a kasa kunne, a fesa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa. An taɓa kawo min irin motarka, mai ita har ya biya kuɗin sababbin turbo suna hanya, saboda wani gareji ya ce masa nasa sun mutu. Muka hura iska, sai ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa a ƙarƙashin wani tiyo, ta ɓangaren da ido ba ya kaiwa. Aikin awa ɗaya. Turbon da ya saya sun daɗe a kwalinsu.

In wannan duka ya fita lafiya, sai a cire tiyon bakin turbon a kama kan shaf ɗin, wato sandar da ke ɗauke da farfela, da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, wurin da mai ke cikawa ne in inji na aiki. Motsin gaba da baya shi ne matsala, haka in farfelar ta goga jikin gidanta, ko bakin fikafikanta ya cinye. In ka ga haka to ya mutu. Sai dai turbo ba kasafai yake mutuwa don kansa ba, kashe shi ake yi: da rashin mai, da mai mai datti, da ƙura ko wani abu da ya faɗa masa, ko da wannan yoyon iskar da ke sa shi gudun wuce sa'a don ya cike gurbin abin da ke zubewa. In ba a gano makashin ba, sabon ma ranarsa na nan tafe, na kamfani ne ko na waje.

Wani abu kuma da ba ya cin ko kwabo: ka buɗe murfin gaba ka duba takardar da aka manna a cikinsa, mai jerin lambobin kayan da aka sa wa motar a masana'anta. In ka ga X50, lambar ƙarin ƙarfin da Porsche ta sayar, to K24 ɗin da kake nema yana jikin motarka tun fil azal.

To me ake nufi da "na kamfani"? Porsche ba ta ƙera turbo. Na motarka aikin kamfanin KKK ne na Jamus, wanda BorgWarner ta mallaki sashensa na turbo a ƙarshen shekarun 1990. Motar, wadda ake kira 996 Turbo, ta fito a 2000 da inji mai lita 3.6, silinda shida a kwance, da turbo K16 guda biyu, waɗanda ba su kai K24 girma ba, tana ba da doki 420 a lissafin Jamus. Takardun Amurka 415 za ka gani, injin ɗaya ne, ma'aunin dokin ne ya ɗan bambanta. Daga ƙirar 2002 aka fara sayar da ƙarin da ake kira X50, wanda ya kai ta 450, sannan Turbo S ta 2005 ta zo da shi kai tsaye. GT2 kuwa ta fara da 462, daga baya ta kai 483. Waɗannan ukun duk K24 ne a cikinsu. Amma ka lura da abin da Porsche ta yi don samun dokin nan talatin na X50: ta canza turbo, ta canza intakula, ta sake saitin ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta kuma ƙarfafa giya. Wato abin da ya sa K24 ke da daraja shi ne an gwada shi tare da rakiyarsa, a zafi da sanyi, na tsawon lokacin da babu wani ƙaramin shago da zai iya. Wanda ya sayi K24 kaɗai ya ɗaura a kan tsohon intakula da tsohon saiti, sunan ya saya.

Kuma K24 yana da abin da yake karɓa a hannunka. Turbo farfela biyu ne a kan shaf ɗaya: hayaƙi yana juya ta baya, ta gaba tana cusa iska cikin inji. Ƙaramin turbo hayaƙi kaɗan ya ishe shi tashi, babba sai hayaƙi ya yi yawa. Alƙaluman Porsche da kansu sun nuna wannan. Mai K16 tana kai ƙarshen ƙarfin murɗawarta, Nm 560, tun inji na juyi 2,700 a minti, ta riƙe shi har 4,600. Mai X50 tana ba da Nm 620, amma sai an kai 3,500. A cikin gari, in kana tafe a giya ta huɗu inji na juyi dubu biyu da rabi, ka taka don ka wuce wata mota, mai K16 ce za ta fi saurin amsa maka. Mai K24 sai ta ɗan yi jim, sannan ta zabura, kuma in ta zabura ba ta gajiya har sama, inda K16 yake fara haki. Da giyar hannu maganin wannan shi ne ka rage giya ɗaya. Akwai waɗanda suka sa K24 suka dawo suna cewa motar ta yi nauyi a gari, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gara ka san haka tun yanzu.

Su kuma "na waje", kalma ɗaya ce ta rufe abubuwa uku da ba su da haɗi.

Akwai na haɗin gambiza, kuma ba da raini na faɗa ba. Ana ɗaukar gidan K16 ko K24 na asali, a rarake cikinsa da injin sassaƙa, a sa masa farfelar iska mafi girma. In ka ga an rubuta K16/24, farfelar iskar K24 ce a jikin K16. In ka ga K16/16G ko K24/18G, farfela ce ta salon Mitsubishi aka ɗora. Wasu kuma farfelar da aka sassaƙa daga dunƙulen sanholo suke sawa, maimakon wadda aka zuba a narke. Masu talla suna kambama wannan sassaƙar kamar wani sihiri, alhali amfaninta shi ne tana ba da damar siranta cibiya da faɗaɗa fikafikai. In zanen bai yi kyau ba, sassaƙar ba ta ƙara komai. Kyawun haɗin gambiza shi ne yana shiga gurbinsa ba tare da an canza bututu ko ɗaya ba, kuma wanda aka gina a kan K16 yana riƙe yawancin saurin tashin nan. Aibinsa yana ta baya: ka ƙara ƙofar shigar iska, ƙofar fitar hayaƙi tana nan yadda take. A juyi mai yawa hayaƙi sai ya cunkushe, zafi ya taru a silinda. Masu aikin suna rage wannan ta hanyar datse bakin farfelar hayaƙi kaɗan, sai dai abin da aka samu a sama an biya shi a ƙasa. Na ga haɗin gambiza masu kyau ƙwarai, waɗanda a ƙasar da ke da mai mai kyau ni kaina zan fifita su a kan K24 don hawan gari. Amma kowane shago da nasa haɗin, don haka kowanne yana buƙatar saitin da aka yi dominsa.

Akwai kuma turbo na wani kamfani gaba ɗaya, irin su Garrett masu boris. Waɗannan su ne hanyar doki 600 zuwa sama, kuma kayan kirki ne. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukarsu: suna zuwa da sababbin bututai, da manyan nozul, da famfon fetur, da kuloci, kuma yawancinsu suna son layin ruwan sanyaya, wanda K16 da K24 na motarka ba su da shi, da baƙin mai kaɗai suke sanyaya. Can gaba kuma sai an buɗe inji an canza sandunan fistin, don su ne ke fara lanƙwashewa in ƙarfin murɗawa ya yi yawa. Wannan gina wata motar ce, ba gyara ba.

Na uku su ne na jabu, masu kamar asali har da lamba, a kuɗin da bai kai rabin rabi ba. A kansu ba ni da dogon bayani. Shaf ɗin turbo yana juyi sama da dubu ɗari da hamsin a minti, farfelar baya tana wanka cikin hayaƙin da zafinsa ke haura digiri 900. A irin wannan gudun, rashin daidaiton da bai kai nauyin ƙwayar gero ba ya isa ya cinye boris, kuma in farfelar gaba ta tarwatse, gutsattsarinta hanyar inji suke nufa. Araha ba ta ado. Duk wanda zai sayar maka da turbo, sabo ko gyararre, ka nemi takardar gwajin daidaito da aka yi wa cibiyarsa, wato shaf da farfelunsa, a kan na'ura mai juya ta da gudu, mai ɗauke da lambar wannan turbon. In ya fara kame-kame, ka kama gabanka.

Yanzu ga fetur. Porsche ta ƙera injin nan don mai mai lamba 98 a ma'aunin RON, kuma 95 ne mafi ƙarancin da ta yarda da shi. Lambar nan tana nuna juriyar mai ne, yadda zai daure matsi da zafi bai kama da kansa ba kafin wutar fulogi ta iso shi. In ya kama da kansa, shi ne ƙwanƙwasar da ke farfasa gefen fistin. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so, kuma ƙa'idar da aka gindaya masa tana wajen 91 ne. Ka ga ke nan ko yanzu, da K16 da saitin masana'anta, motarka a ƙasa da abin da take so take sha. Abin da ke cetonta shi ne sansar da ke jin ƙwanƙwasa: da ta ji, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta wuta, ta rage matsin iska. Inji ya tsira, ƙarfi ya tafi. Ba mamaki wani kaso na raunin da kake ji ma daga nan yake, musamman da tsakar rana. Kuma jinkirta wuta yana ƙara wa hayaƙi zafi, zafin kuma a kan turbo yake sauka.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu. Mai saiti na Amurka zai tambaye ka: na 91 kake so ko na 93? Sai ka ce 91, ai shi ne namu. Alhali lambar jikin famfon Amurka da wani lissafi ake fitar da ita. 91 ɗinsu kusan 95 ne a RON, 93 ɗinsu kusan 98. Namu 91 kuwa daidai yake da kusan 87 ɗinsu, wanda suke zuba wa motar kai yara makaranta. Duk wani alƙawarin doki 550 da ka gani a talla, da 93 ɗinsu aka auna shi, a iska mai sanyi. Ka ɗora wannan saitin a kan manmu, ɗayan biyu ne: ko ƙwaƙwalwa ta yi ta ja da baya har motar ta koma ba ta fi ta da ba, ko kuma, in mai saitin ya rage mata kunne don lambar ta yi kyau, ka ji labari daga fistin.

Sai a haɗa da zafi. Iska in an matse ta zafi take yi. Ranar da Abuja ta kai digiri 35, in turbo ya matsa iska zuwa bar ɗaya, tana fita daga bakinsa da zafin da ya haura digiri 120, kuma intakula ba ya iya sanyaya ta ƙasa da iskar gari. A nan ne K24 ya ci K16 a wurina. In ka tilasta wa ƙaramin turbo ya ba da bar 1.1 a juyi mai yawa, ya fita daga inda yake aiki da kyau, dukan iskar kawai yake yi yana dafa ta. K24 yana ba da wannan iskar cikin natsuwa, da ƙarancin zafi, ƙofar hayaƙinsa kuma ta fi faɗi. Jinkirin tashin da ake kuka da shi ma, a kan mai mai rauni, rahama ne, domin inji ya fi saurin ƙwanƙwasa a lokacin da juyi yake ƙasa matsi yake sama, wato daidai inda K16 mai saiti da haɗin gambizarsa suke nuna bajinta.

Za a ce maka akwai dabaru. Kwalaben ƙara lambar mai da ake sayarwa, da yawansu in sun ce sun ƙara maki huɗu, 0.4 suke nufi, ka karanta ƙananan rubutun. Feshin ruwa da metanol cikin iskar da ke shiga inji yana aiki da gaske, yana sanyaya iska yana hana ƙwanƙwasa, amma in an gina saiti a kansa, ranar da tankin ya ƙare ko famfon ya tsaya kana tsakiyar taka totur, ba za ka samu gargaɗi ba, sai in an haɗa masa abin da zai rage matsi da kansa. Man tsere na cikin duro yana yi, ga mai iya saye da ajiya. Man jirgi kuwa, wanda na sha jin ana ba da shawararsa, a kiyaye: na manyan jirage dangin kananzir ne, ba abin da zai yi sai ɓarna, na ƙananan jirage kuma yana da dalma, tana kashe sansar hayaƙi da matatar da ke cikin salansa. In ka samu tabbatacciyar hanyar mai 98 da ba ta yankewa, ka dawo mu yi maganar K24/18G da 550. Kafin nan, saitin da ya dace da kai mai tsoron Allah ne, matsinsa kada ya wuce na X50, wato kusan bar 0.9 a allonka, a kuma rage wuta daidai da manmu.

Rakiyar kuma ga yadda nake kallonta. Intakula shi ne abin da zan fara saya, ko da turbon ya fita lafiya. A nan kayan kamfani suna da suna mai kyau: masu 996 da yawa suna sa na 997 GT2 RS (997 ita ce ƙirar da ta biyo bayan 996), wanda ke shiga da ɗan gyaran robobin da ke kai masa iska, kuma ya fi wasu masu ƙyalƙyali na waje da ke da kauri ba sanyi. Turbon 997 ɗin kansa, wanda ya fito a 2006 da fikafikai masu motsi a cikin gidan hayaƙi, kada wani ya ruɗe ka da shi, da lantarki ake sarrafa shi kuma ƙwaƙwalwar motarka ba ta san yarensa ba. Kulocin da ya yi shekara ashirin zai fara sulɓi da zarar ƙarfi ya ƙaru, ka sa shi cikin lissafi. Fulogi da koyil sababbi. Matsin fetur na masana'anta bar 3.8 ne, masu neman ƙarfi suna kai shi bar 5 ko su canza nozul, amma a matakin 450 abin da ya fi muhimmanci shi ne a auna a ga famfon da ke cikin tanki da tiyonsa suna ba da abin da ya kamata. Matatar iska ka bar ta takarda. Masu jiƙe da mai ɗin nan suna barin ƙura ta wuce, suna kuma shafa wa sansar iska mai, ga hunturunmu da ƙurarsa kamar gari, ita ce ke cinye bakin farfela a hankali. A cire bambar gaba a share ganye da leda da suka cushe tsakanin lagireto. Sannan injin nan yana da wani sanannen rauni: wasu bakunan bututun ruwa da gam aka liƙa su a jikinsa, in gam ɗin ya tsufa sai ɗaya ya fice, ruwa ya zube a kan tayoyin baya. Ana walda su ko a kafe su da ƙusa, kuma sai an sauke inji. In za a sauke don kuloci, a yi su rana ɗaya. Tayoyi da man birki ba sai na faɗa ba, mota ce mai wuce kilomita 300 a awa tun ba a taɓa ta ba.

Wanda zai yi saitin ya fi turbon muhimmanci, kuma nan ma K24 yana da sauƙi, don duk mai saitin da ya san 996 ya yi shi ba adadi. Ana iya yi daga nesa: ya aiko da saiti, a ɗora, a haɗa kwamfuta a ɗauki bayanan abin da inji ke yi, a mayar masa ya gyara. Abin da za a duba shi ne yawan jinkirta wuta, da zafin iskar da ke shiga, da ma'aunin mai da iska, da ko matsin da ƙwaƙwalwa ta nema shi ne ake samu. A yi gwajin a wuri mai tsaro, da rana tsaka a watan Maris, da man da ka saba sha. Gwajin asubar Disamba yaudara ce. Mai saitin da bai tambaye ka lambar manka da zafin garinka ba, bai cancanci kuɗinka ba.

In kuma kuɗin K24 da rakiyarsa ya yi maka nauyi, ko ka ji ba ka son rasa saurin amsawar nan, babu kunya a gyara K16 ɗinka da cibiya ta asali, ka ƙara intakula, ka toshe duk wani yoyo. Motar da ta dawo da dawakinta za ta ba ka mamaki, don mai yiwuwa ba ka taɓa jin su duka ba. Kuma ka tambayi dillalan BorgWarner kafin ka sayi mai kwalin Porsche, sau da yawa kayan ɗaya ne, kwalin ne ya bambanta. Na hannu kuwa, wanda aka ciro daga wata motar, ka ɗauke shi a matsayin wanda za a gyara, ka saya da wannan farashin.

Ranar ɗaurawa, a canza biyun tare. Tunda daga Amurka motar ta zo, in ta zauna a jihohin da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara, notikan turbon sun ci tsatsa, a jiƙa su da mai tun kwana biyu kafin a sa sifana, a kuma tanadi sababbi. Bututan mai a canza su ko a wanke su tas, intakula da tiyo a zubar da man da ya taru a ciki. A cika cibiyar sabon turbon da baƙin mai kafin a tayar, a bar inji ya yi aiki a tsaye na wasu mintoci ba a taka ba. Sandunan ƙofar rage hayaƙi (wadda ke buɗewa don matsi kada ya wuce kima) na dama da hagu a saita su da ma'aunin iska su riƙa buɗewa a matsi ɗaya, ba da ido ba. Baƙin mai ka nemi mai amincewar Porsche A40, ka riƙa juye shi kafin lokacin da littafi ya ce, kuma a tuna da ƙananan tankunan nan biyu na ƙarƙashin turbo, su ma suna da notin juyewa. In ka dawo daga tafiya mai zafi, ka ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Tsofaffin K16 ɗin kuma ka sa a naɗe maka su a kai gida. Wasu shagunan gyara suna karɓarsu su rage maka kuɗi, kuma ranar da za ka sayar da motar, mai saye na gaske zai tambaye su. In ka bar su a gareji, kafin sati yaran shago sun auna wa 'yan gwangwan.